Rigar da Ba a Yanke wa Wuya Ba

Mun bar Tasawa ana sallame sallar asuba, mu uku a wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya: ni, da direba, da telan unguwarmu, wanda ya rungumo kan keken ɗinkinsa kamar jinjiri duk da na ce masa ba za a buƙace shi ba.

Bakina ne ya jawo mini wannan tafiya. Ɗan ƙanena mushe ne a wata lakwal, wato malamin makarantar boko, yana da ƙungiyar ƴan wasan kwaikwayo, sun shirya wasa a kan mutanen da, zamanin baka da mashi. Ya gayyace ni kallon gwaji. Sai ga sarkinsu ya fito cikin shadda mai ɗaukar ido, da aikin keke a wuya, har da zif a aljihu don kada salula ta faɗi. Na yi magana, kuma ban yi ta a hankali ba. Mushe ya bari na gama, sannan ya ce a gaban ɗalibansa, "To Baba, tunda kai ka san ta gaske, kai za ka kawo muna ita." Aka tafa masa. Na ce na ɗauka.

Abin da na ɗauka ba wani abu mai wuya ba ne a ganina. Rigar mutanen da ba daga faffaɗan yadi ake yanko ta ba. Saƙar hannu ce, siririya, faɗin yatsu huɗu, kowane tsiri ana ce masa ƙwarya, a jera su a haɗa baki da baki da allura har su zama riga. Na ga ana wannan aiki a Segu, na gan shi a Tamale, a Wagadugu ma manyan ma'aikata da irin wannan saƙa suke zuwa biro, wato ofis, suna taƙama. Na ce a ƙasar kakannina, in na je da safe, da yamma ina gida.

Kaka ce, hanya cike da amalanken shanu ɗauke da dammunan gero, kuma babu wanda ke gaggawar ba mota wuri. Kilishin Tasawa da na saya don guzurin tafiya duka, tela ya gama da shi kafin rana ta yi zafi, yana ci yana ba ni labarin cewa aikin hannu ɓata lokaci ne. Direba kuwa bai da zance sai na esansi, wato man mota. Duk inda ya ga kwalabe a bakin hanya sai ya tsaya ya tambayi farashi, ya yi tsaki, ya wuce, har sai da muka saya a inda ya fi ko'ina tsada.

A Mayahi na fara gane cewa yamma ba za ta same ni a gida ba. Tabarmin kaba ga su nan tuli, masu kyau, masu araha, hannun mutanen gulbi bai mutu ba ta wannan fanni. Amma rumfunan tufafi, daga farko har ƙarshe, kayan jirgi ne, na ƙasashen waje. Na ce ina neman saƙi ko fari na masaƙa. Wani mai rumfa ya ce yana da shi, ya sa na zauna, ya aika aka kawo mini ruwa, sannan ya warware mini wani yadi mai santsi da aka buga wa zanen saƙi a masana'anta, har da layukan ɗinki na ƙarya. Ya ce wannan ya fi na da, ba ya kaushi. Na ce masa hoton tuwo ma ba ya ƙona hannu. Bai ji daɗi ba, amma shi ya ce mu nufi Attantane, akwai masaƙi.

Akwai shi kam, a maƙabarta. Ƴaƴansa suka karɓe mu hannu biyu, suka dama mana hura mai kauri da nonon da ba a sirka ba, irin wadda na daɗe ban sha ba. Da na tambayi masaƙar mahaifinsu, sai suka nuna mini itatuwanta: biyu suna tokare da rumbu, ɗaya an ɗaure akuya a jikinsa. Daga nan kowa ya san wani masaƙi. Wannan ya ce a ƙauyen gaba, na ƙauyen gaba ya ce a na bayansa, kuma duk wanda aka ambata sai a ƙara da "Allah ya jiƙansa." Mota ta kafe a rairayi, muka tura, ta sake kafewa, muka sake turawa, tela yana cikinta wai yana riƙe da keke. A wata rijiya na gaisa da wata Bafulatana da harshenta, ta yi dariyar yadda nake karya shi, ta ce auduga ma wa ke shuka ta yanzu, balle kaɗi. Amma ta ce mu gwada Gidan Amumune ranar kasuwa, can ba a rasa abin mamaki.

Gidan Amumune ranar kasuwa, ƴan kabu-kabu masu haya da babur sun fi ƙuda yawa, kuma kowannensu yana ganin shi kaɗai ke da hanya. Wake ya yi araha bana, ƙosai manya-manya. Na bi rumfa-rumfa ina tambaya har aka fara nuna ni da baki. Can sai wani magidanci, dillalin wake, ya ja ni gefe ya ce in jira shi. Ya daɗe. Ya dawo da wani abu a cikin buhu, ya buɗe. Zugu ne, wato naɗin farar saƙar hannu, babba, ba a taɓa sa masa almakashi ba. Launinsa kamar man shanu, zarensa wani wuri kauri wani wuri siriri, yadda kaɗin mazari yake, yana ƙamshin hayaƙi da jema. Na ce daga ina? Ya ce tsohon kaya ne a gida, babu mai amfani da shi. Muka daidaita, na biya, na rungume abina.

Na yanke shawarar a yi ɗinkin a can, a gidan wani tsohon abokin fataucina, don na san in muka koma Tasawa tela zai kulle shago ya bi shi da keke. Aka shimfiɗa mana tabarma a gindin bedi, wato dogon yaro. Nan aka yi yaƙin da ya fi na wasan kwaikwayon. Tela ya ce a ɗora baki kan baki a taka, kafin la'asar an gama. Na bar shi ya gwada a ɗan guntu, keke ya tauna shi ya tattare. Sannan na nuna masa abin da na gani a wurin maɗinkan Segu: a auna da kamu, daga ƙasan gaba a haye kafaɗa zuwa ƙasan baya, a yanka tsawon nan kaɗai. A kara bakin ƙwarya da na ƴar'uwarta ba tare da ɗaya ta hau ɗaya ba, a riƙa ɗaukar zare ɗaya nan ɗaya can, ƙanana, yadda in an shimfiɗa ɗinkin zai kwanta ya ɓace. Zaren ma daga wutsiyar zugun muka zaro shi. Ni ido ne da ni ba hannu ba, shi hannu ne da shi ba haƙuri ba. Ya soki yatsa, ya rantse, ya ce tun da ya gama koyon sana'a ba a taɓa wulaƙanta shi haka ba. Mutanen gari suka mai da mu kallo, kowa da shawararsa, har da wanda bai taɓa sa zare a allura ba.

Kwanaki suka tafi. Amma a hankali abu ya fito: wani faffaɗan mayafi, shimfiɗe, mai nauyi, in iska ta taɓa shi sai ya motsa kamar ruwa. Saura a ninka shi biyu a yanke wuya, a sa aljihu. Kafin a yanke wuya, riga mayafi ce kawai. In an yanke, ba ta komawa. Tela ya wasa almakashinsa yana murmushi, karo na farko tun Tasawa, ya zana wuyan da alli.

Sai ga kabu-kabu ya shigo har gindin bedi, ɗauke da wata tsohuwa ƴar ƙarama, ta zauna a karkace, hannu ɗaya riƙe da rigar mai tuƙi, ɗaya da sanda. Bayansu wani babur ɗin, da dillalin waken nan a kai, kansa a ƙasa. Ba ta jira an tsaya ba.

"Kai mai almakashi! Aje shi, in kana son hannunka!"

Tela ya ajiye. Na tashi na ce, "Sannu da zuwa, Inna, lafiya?"

"Kai ne mai hurhurar da ke sayen likkafanin mutane suna da rai?"

Aka kawo mata tabarma ta ƙi zama. A tsaye ta ba da labarin, tana nuna dillalin da sanda, ashe ɗanta ne. Audugar ita ta shuka ta a bayan ɗakinta, ita ta gurza, ita ta kaɗa, shekara da shekaru, ta kai wa masaƙin ƙauyensu kafin ya rasu. Ta ajiye a ƙasan adakarta don ranar da za a buƙata. Jiya ta buɗe don ta shanya, sai ta tarar da farin yadin kanti a madadinsa.

Ɗan ya ce, "Inna, wallahi don darajarki na yi. Ranar nan mutane za su taru, su ga wanga abu mai kaushi, su ce mun kasa saya miki sabo."

"Wa zai kwanta ciki, ni ko mutane?"

Ni kuma, da kwanakina da alkawarin da na ɗauka a gaban yara suka tsaya mini a rai, sai na gwada sa'a. Na ce ko za ta ba mu aro na yini ɗaya, ba za mu yanke ba, yafawa kawai sarkin wasanmu zai yi. Ta dube ni sama da ƙasa.

"A yi tsalle ciki ana buga ganga, sannan a naɗe ni? Alhaji, an ce ka yi yawon duniya. Ina ka baro hankalinka, in aika a ɗauko maka?"

Jama'a suka fashe da dariya, har da mai masaukina. Sannan ta zauna, ta jawo mayafin kan cinyarta, ta bi ɗinkin da babban yatsa, ƙwarya bayan ƙwarya. Ta tambayi wanda ya yi. Tela ya matso a tsorace. Ta ce na farkon kamar sawun jaki a rairayi, amma daga tsakiya ya fara mutunci. Ta tofa yawu a gefen zanenta ta goge allin wuyan tas. Ta ce, "To, kun rage wa maza aiki ranar. Allah shi biya." Ta naɗe abinta, ta warware ƙunshin da ke bayanta, ta jefo mana yadin kantin da ɗanta ya saya. "Ga wanga, ku yi wa sarkinku. Shi ba ya jin kaushi." Ɗan ya mayar mini da abin da na biya. Kwanakina da yatsun tela babu wanda ya mayar.

Direba ya ce mu komo ta wajen Issawane, ya san yanke. Bai sani ba. Ƙasar can ta fi bushewa, garke ya fi gona yawa, kuma makiyayan da suka taya mu tura mota sun fi mu sanin inda Tasawa take. Mun iso gida jiki duk ciwo, da yadin da tun farko ana sayar da irinsa a bakin ƙofar gidana.

Shi muka tsattsaga faɗin yatsu huɗu, muka jiƙa a ruwan shayi ya rage haske, tela ya kalmashe bakin kowace ƙwarya don ba ta da baki irin na masaƙa, ya haɗa da hannu. Wannan karon ban ce masa komai ba, shi ke korar masu ba shi shawara. Rigar ta yi kyau daga nesa. Saurayin da ya fito a sarki bai san abin da aka sayi yadin dominsa ba, ni kuma ban ga dalilin gaya masa ba. Ranar wasa, wata mata a bayana ta ce wa ƙawarta, wannan wane irin sarki ne matsiyaci, ina shaddar da ya sa a gwaji? Na yi shiru. Na koyi wannan aƙalla.

Na kuma koyi cewa saƙar da nake yabo a ƙasashen mutane ba ta ƙare a tamu ba, ta koma ƙasan adakar tsofaffi ne, tana jiran a binne ta tare da su. Wanda duk ya kawo maka ita a buhu, ka tambaye shi mai ita kafin ka tambayi kuɗinta.

Bayan wasan, tela ya tsinci guntun da keke ya tauna a cikin akwatinsa, bai fi taƙi ɗaya ba. Na ce haƙƙinta ne, na ba direba ya kai mata ranar kasuwa. Da yamma ya dawo mini da shi. Ya ce ta juya shi a hannu, ta ce a gaya wa mai hurhura ya riƙe, ya fara tara nasa likkafanin da wannan, don ta lura shi ma ba yaro ba ne. Yana nan a ƙasan adakata.