Zakin da Aka Hana Ruri

Ga wata mata zaune kan tabarma a sashen yara na laburare, mayafi ɗaure a ƙugu, tana ba yaran labari. Ta zura hannu cikin safa mai idanun maɓalli, ita ce zaki. Yadda take zare ido, da gani ta saba tara yara a tsakar gida. Ta cika ƙirji za ta yi ruri, sai ma'aikacin wurin ya ƙwanƙwasa tebur.

"Baiwar Allah, manya na karatu."

Ma'aikatan laburaren fa suka gayyato ta! Ta haɗiye tsaki, zaki ya yi rurinsa cikin raɗa.

Wata yarinya ta shafa safar. "Anti, ba shi da lafiya ne?"

"Lafiyarsa ƙalau," in ji ta, tana hararar teburin. "Laburare aka kawo shi."