Ranar da gero da dawa suka kusa kayar da ni a Fakku

Shekarun baya, ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai, aka tura ni gwajin koyarwa a wata ƙaramar sakandare da ke Fakku, can ƙasar Kebbe. Ni ɗan Tambuwal ne, lissafi nake karantawa, kuma a lokacin ina ji da kaina ba kaɗan ba. Aka ba ni 'yan aji biyu.

Sau biyu ake zuwa daga kwaleji a duba mutum. Zuwan farko bai yi mini daɗi ba. Na cika allo da x da y, ina ta zuba Turanci, yara suna ta "yes sa". Mai dubawar ya tashi ya rubuta musu 3x + 2y, ya ce su taƙaita. Kusan duk ajin suka rubuta 5xy. Da muka fito ya ce mini in na biyu ya zo ya tarar da haka, sai dai in maimaita gwajin baɗi. Ga shi mahaifiyata ta riga ta gama shaida wa unguwa cewa bana ɗanta zai fito malami.

Abokina da muke ɗaki ɗaya, wanda Hausa yake koyarwa, ya ga na kasa cin abinci. Ya ce, "Kai, yaran ga ba su taɓa ganin x da idonsu ba, amma kowa ya san dami. Yi musu da abin da sunka sani mana."

Lokacin kaka ne, duk inda ka duba damman hatsi ne. Sai na mai da x damin gero, y damin dawa. Nan da nan abu ya fara shiga. Na koma ina tafiya a makarantar kamar ni na ƙirƙiro aljabra.

Wata safiya sai ga ɗan kabu-kabu ya sauke wata malama a ƙofar makaranta. Ina hango ta na gane ita ce mai dubawa ta biyu, don a kwaleji kowa ya santa, ba a taɓa ganin haƙorinta ba. Ta shigo ta zauna a bencin baya, ta ce, "Ci gaba, Malam."

Darasin ranar shi ne yadda ake zare lambar da kashi biyu suka yi tarayya a kanta, a ajiye ta a wajen baka. Na rubuta 6x + 4y, na fara da bita. Na ce, "Damin gero shida da damin dawa huɗu, za mu gama su mu ce goma?"

Aji ya ɗauka, "A'a!"

Har na fara murmushi, sai wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, mi za ya hana? Innata kullum gama su taka yi ta kai niƙa, kuma tuwon ya fi daɗi."

Aji ya fashe da dariya. Wani ya ce su ma haka suke yi, wani ya ce dawa zalla ta fi riƙe ciki. Kafin in ankara darasin lissafi ya koma gardamar tuwo. Na saci kallon baya, na ga malamar ta sunkuyar da kai tana ta rubutu. Bakina har ya buɗe zan ce wa yarinyar ta zauna, sai na ga idonta a kaina, ba tsokana take yi ba, da gaske take tambaya.

Na ce, "Gaskiyarki. To in an niƙa, na ce ki ware mini gerona fa?"

Ta ce, "Ai ya zama gari, Malam."

Na ce, "To namu ba a ko sussuka ba, suna gona. Kuma xy ba gauraye ba ne, x sau y ne. Yanzu ku faɗa mini, ga jakai biyu, yaya za mu ɗora musu kaya daidai wa daida mu kawo gida?"

Wani dogo daga gefen taga ya ce, "Malam, dami biyar ga jaki guda? Kashe shi za ka yi. Sai dai amalanke."

Na ce na yarda, amalanke biyu. Suka shiga lissafi da yatsu. Yarinyar ce ta fara cewa kowace amalanke ta ɗauki gero uku, dawa biyu. Na miƙa mata alli, na ce ta rubuta kayan amalanke ɗaya a cikin baka, adadin amalanken a waje. Ta rubuta 2(3x + 2y). Wani ya ce me zai hana a kawo amalanke uku a rage wa shanu wahala. Ban ko buɗe baki ba na kusa da shi ya ce, "Dawa fuɗu ba ta rabuwa uku, kai!"

Ana cikin haka aka buga ƙararrawa. Rabin abin da na tsara ban taɓa ba, ko aikin gida ban bayar ba. Na ce a raina, shi ke nan, sai baɗi.

Malamar ta miƙe, ta hana kowa fita, ta rubuta 8a + 12b. Ta bi benci-benci tana leƙa littattafansu. Sannan ta ce in same ta gindin itacen dogon yaro.

Na je na rusuna na ce, "Ranki ya daɗe."

Ta ce, "Rubutunka a karkace yake, kuma kana yawan ba aji baya. Lokaci ma ba ka iya riƙe shi ba." Na ce haka ne. Ta ce, "Sannan ka fara raba su da dammunan nan a hankali. Su san harafin nan lamba yake wakilta, in ba haka ba gaba za su sha wuya." Na sake cewa haka ne.

Ta rufe jakarta ta ce, "Amma mafi yawansu sun samu 4(2a + 3b). Kuma da ka ce wa yarinyar nan ta zauna, da ni ma na tashi na tafi. Ka ci, ɗana."

Ina tsaye har ƙarar kabu-kabunta ta ɓace, sannan na zauna a ƙasa da fararen kayana, na yi ta hamdala.

Yau na daɗe ina koyarwa a Dogon Daji, kuma har yanzu in yaro ya ɗaga hannu ana tsakiyar darasi ya ce bai yarda ba, sai in ji gabana ya ɗan faɗi. Amma ina ajiye alli in saurara, don na gane yaron da ya yi maka gardama yana tare da kai, mai gyaɗa kai ne ba ka san inda hankalinsa yake ba.

Ita kuwa yarinyar, ba ta sake rubuta 5xy ba har na bar garin. Sai dai ranar da nake sallama da ajin ta biyo ni bakin ƙofa ta ce, "Malam, lissafin na yarda. Amma tuwon gamin ya fi daɗi."