Ni Ne Ƙadangaren

Laifina ne, ba na wani ba.

Ina yaro a ƙauyenmu na masunta, bayan an ci tuwo, Kaka kan zauna bakin wutar da take banda kifi, mu kewaye ta, hayaƙi na sa mu hawaye. Akwai tatsuniyar da ba ta gajiya da ita. Wai Giwa ta zo taya Makwarwa noma. Makwarwa ta ce ta tsaya a bakin gona, don akwai ƙwai a cikin ciyawa. Giwa ba ta jin ƙaramar murya, sai Ƙadangare ya hau kunnenta don ya isar da saƙo. Da ya ji daɗin sama, sai ya ce, "Ta ce ki shigo." Giwa ta shiga, ta tattake ƙwan.

"Giwa ba muguwa ba ce, 'ya'yan nan," in ji Kaka. "Ƙafarta ce babba."

Na girma, na zo New York, ina tuƙin tasi a unguwar Tremont. Wata babbar ƙungiya mai kare ruwaye ta gayyato Kawu, ƙanin mahaifiyata kuma sarkin ruwan garinmu, don su yi aiki tare a kan tafkinmu. Ni aka kira in yi tafinta. Suka ce za su kewaye tafkin da waya, su raya kifi, ko ya yarda?

A wajenmu dattijo ba ya ce wa mai masaukinsa a'a. Labari yake bayarwa. Kawu ya gyara zama, ya fara: Giwa da Makwarwa. Kunya ta kama ni, ga Turawa da alƙaluma, ga tsoho yana tatsuniya.

"Sani, ka faɗa musu duka," ya ce.

Na ce musu ya gode, ya yarda. Suka tafa. Kawu ya yi murmushi, yana zaton sun gane.

An kafa wayar. Masunta suka rasa inda za su jefa ragar birgi, samari suka watse, mutane suka daina gaishe da Kawu a kasuwa, wai ya sayar da su.

Na daɗe ina ɗora wa ƙungiyar laifi. Amma abin da aka raɗa mata a kunne shi ta taka.

Bara na faka mota a unguwar Highbridge, na kira Kawu. Muryarsa ta tsufa.

"Kawu, ba su taɓa jin labarinka ba. Ni na haɗiye shi. Gobe zan je in faɗa musu, in faɗa wa gari. Ka yafe mini."