Ɗan Sandan Ciki da Hankakansa a Kasuwar Auna

Komai zan iya mantawa a rayuwata ta rubutu, amma ban da ranar da muka kai labarina kasuwar Auna. Lokacin ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, ina koyarwa a wata firamare a Kontagora. Na riga na fitar da littattafai biyu a kan wani ɗan sandan ciki mai bin sawun ɓarayi. Na ukun kuwa, masu ɗab'i suka dawo mini da shi, wai irin wannan labari ba ya shiga kasuwa. Abin ya ci mini rai, amma na yi rantsuwa ba zai ruɓe a akwati ba.

Akwai wani abokin aikina, mutumin Tungan Magajiya, Kirista, gwanin zane. Da ya karanta sai ya ce, "Malam, mutanenmu na ƙauye ba su iya karatu ba, amma suna da ido. Bari in mayar da shi hotuna."

Da ya kawo zanen farko sai na ga ya ɗora wa ɗan sandana hankaka a kafaɗa, wai aljani ne mai magana. Na ce, "Haba ɗan'uwa! Mutumina da hankali yake aiki, ba da tsafi ba." Muka yi ta ja-in-ja. Daga ƙarshe muka daidaita: hankaka zai riƙa faɗin abin da ya hango daga sama, amma gano mai laifi aikin ɗan sanda ne. Yau in na tuna yadda na tayar da jijiyar wuya a kan tsuntsu, dariya nake yi.

Masu ɗab'i suka sake ƙi, wai hotuna tsada. Sai muka sayi farin yadin akoko, ya zana labarin a kai ƙyalle bayan ƙyalle, labarin wanda ya yashe rumbun dawar wata gwauruwa. Ranar kasuwar Auna muka ɗaure ƙyallayen jikin wata rumfa, muka naɗe na ƙarshe, wanda ke nuna ɓarawon. Ina ba da labari da Hausa, wani manomi yana juyawa da Kambarci, harshen mutanen yankin. Kafin ka ce kwabo an yi cincirindo, gardama ta kaure. Wasu na cewa wani mai jaki da ke cikin labarin ne ɓarawon, wasu na cewa surukin gwauruwar ne.

Ana cikin haka hadari ya taso, ruwa ya fara sauka. Fentin kuwa ba ya jure ruwa. Na fara kwance igiya, sai wata tsohuwa mai daddawa ta cafke mini riga. "Yaro, ba inda za ka sai mun ga ɓarawon nan!" Ta ɗaga faifanta ta kare zanen, sauran suka ɗaga tabarmi da buhuna. A ƙarƙashinsu na warware ƙyallen ƙarshe. Surukin ne. Kasuwa ta ɗauki ihu, tsohuwar tana cewa ai ita tun farko idonsa bai yi mata ba.

Bayan haka muka gurza labarin a injin buga takardu na makaranta, ya bi ƙauyuka hannu zuwa hannu, ban kuma ajiye alƙalami ba har tsufana. A ranar kasuwar nan na gane cewa in an ce maka abinka ba shi da masu so, kada ka yarda sai ka kai shi gabansu da ƙafarka.