Ranar da Kurkunu Ya Tsinke a Hannuna

Na tsufa, abubuwa da yawa sun zube daga kaina. Sai in ajiye tabarau in yini ina nemansa. Amma akwai wata safiya guda a Gagarawa da ba za ta rabu da ni ba har ranar da za a sa ni a ƙasa, kuma ita nake so in rubuta muku tun hannuna yana iya riƙe alƙalami. Ba zan kama sunan kowa ba. Duk sun riga ni tafiya, Ubangiji ya san sunayensu.

A lokacin ana aikin diga, ana shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Kano za a kai ta Nguru, aiki kuma ya iso ƙasar Gumel. A cikin tulin leburorin nan mu tara ne samari masu bin Yesu Almasihu, duk daga ƙauye ɗaya a ƙasar Zazzau. Kafin mu taso dattawan majami'armu suka tara mu, suka ɗora mana babba, wani kafinta mai sanyin magana da muke ce wa Yaya. Suka ce kada mu bar taron samari ya mutu don mun yi nisa da gida. Suka kuma ja mana kunne: inda za mu, hukuma ba ta yarda da wa'azi a gari ba, mu yi sujadarmu a inda muke, mu zauna lafiya da mutane.

Sai muka kafa wata 'yar rumfar zana a bayan sansanin leburori. Ran Lahadi ba a aiki, can muke taruwa. Mu yi waƙoƙin yabo, a karanta Maganar Allah, a koya wa waɗanda ba su iya karatu ba. Kafin addu'ar rufewa akwai wata al'ada da muka taho da ita daga gida: duk wanda ya ɓata wa ɗan'uwansa a cikin makon sai ya faɗa a gaban kowa, ya roƙi gafara, wancan kuma ya amsa. Sauran kwanaki Yaya yana raba mana hidima, wannan ya ɗebo ruwa, wannan ya samo itace, wannan ya duba mara lafiya.

Ni ne mai karatu. Ina ƙarami kawuna ya koya mini ajami a allo, kafin mahaifina ya karɓi bangaskiya, ɗan littafin Bishara guda da muke da shi kuwa da ajami aka buga shi. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya shiga kaina. Ina jin daɗin yadda ake yin tsit in na buɗe littafi.

Mutum ɗaya ne ba ya yi mini tsit. Wani ƙaƙƙarfan saurayi ne, ya girme ni da shekara biyu, bakinsa kamar aska. Kafin in kai kwanon sarki ɗaya na ƙasa kan tudun da ake ginawa, shi ya kai biyu ya dawo. Alaramma yake kirana.

“Alaramma, a ja mana baƙi mu ji,” in ji shi duk Lahadi. In na fara koyarwa kuma sai ya jingina da dirkar rumfa ya yi barcinsa.

Da damina ta faɗi sai kurkunu ya fito masa a idon sawu. Yaran yanzu da yawa ba su san shi ba. Wata farar tsutsa ce siririya kamar zare, doguwa, tana kwance a cikin naman mutum. Sai wuri ya yi bororo yana zafi kamar an ɗora garwashi, ya fashe, kanta ya leƙo. Ba yadda za a yi da ita sai lallashi. A jiƙa ƙafar a ruwa, a kama abin da ya fito a naɗe shi a ɗan kara, a juya a hankali. Da ka ji ta tirje sai ka tsaya, ka ɗaure karan da tsumma, sai gobe. Wata rana ka samu tsawon gaɓar yatsa, wata rana ko rabin haka ba ka samu ba. In ka ja ta tsinke, abin da ya rage sai ya koma ciki ya ruɓe, ƙafa ta kumbura. Mutane sun gurgunce a kan haka, wasu sun mutu.

Yaya ya dubi hannuwanmu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan nawa.

“Kai ne mai hannun alƙalami. Hannunka ba ya rawa. Kai za ka riƙa naɗe masa.”

“Yaya, ga karatun Lahadi, ga koyarwa...”

“Wannan ma karatu ne,” in ji shi, ya juya ya kama aikinsa.

Ba na jin na taɓa gajiya a rayuwata kamar a kwanakin nan. In tashi da sassafe in je rijiyar ƙauye, in jira mata su gama, in ɗebo ruwa. In wanke ƙafar, ga wari, ga ƙudaje. In zauna ina juya ɗan kara kamar mai tsoron tashin jariri. Kafin in gama an buga ƙarfen fita aiki, sai in ruga ba ko kunu a cikina, in yini da kwanon sarki a ka har wuyana ya sage. Da yamma in sake wankewa. Shi kuwa maimakon sannu sai baƙar magana.

“Alaramma, yau wasali nawa ka ciro?”

“Ka yi shiru mana, ka bar ni in yi aikina.”

“Ai na zaci hannun malamai da albarka. Ashe na wanki ne kawai.”

Yana da wata ɗabi'a, ba ya iya kallon abin. Da na kama kara sai ya kifa hularsa a fuska ya kwanta rigingine, yana zuba surutu ta ƙarƙashin hula.

A cikin mako na uku sai heluma, wato shugaban leburori, ya yi shela cewa nan da kwana tara za a tashi sansani a matsa gabas, wanda ba ya iya ɗaukar kaya kuma a bar shi. Kowa ya san wa ake nufi. Muka yi ta addu'a tsutsar ta ƙare kafin ranar.

Safiya ta goma sha tara, ranar Alhamis ce. Na tashi da ciwon kai, gugan rijiya ya tsinke sai da aka nemo wani, na iso a makare. Na wanke ƙafa, na kama kara, na juya sau ɗaya. Ta tirje. Na ji tirjewar sarai a yatsuna, ba zan ce ban ji ba. A daidai nan aka buga ƙarfe. Daga ƙarƙashin hula ya ce, “Alaramma, yi sauri kada a ba wani kwanonka, ka rasa abin taƙama.”

Sai na ƙara juyawa. Ba da ƙarfi ba, juyi ɗaya tak.

Ko ƙara ba ta yi ba. Kara ya saki a hannuna, ɗan farin zaren da ya rage ya shige cikin raunin ina kallo.

Abin da ya fito daga bakina shi ne ya fi jan muni. Na ce, “Kai! Ka motsa ƙafa! Ga shi ka tsinka ta!”

Ya ɗaga hula a hankali, ya dubi kara, ya dube ni. Ya mayar da hula ya rufe fuska.

Kafin Asabar ƙafa ta kumbura har gwiwa, tana sheƙi, jikinsa kamar wuta. Duk wanda ya tambaya sai in ce motsi ya yi. Na faɗa har na fara yarda da kaina.

Ran Lahadi aka ɗauko shi a tabarma aka kwantar a rumfa. Muka yi waƙa, ba ƙarfi a muryoyinmu. Na yi karatu kamar kullum. Da aka zo wurin neman gafara, Yaya ya tambaya ko akwai mai magana. Na sunkuyar da kai ina duban littafi. Sai na ji murya daga tabarma, a dishe.

“Ni ne. Ɗan'uwana ya yi kwana goma sha tara yana wahala da ƙafata, na motsa na ɓata masa aiki. Alaramma, ka yafe mini.”

Duka suka juyo suna jirana. Ga littafin Ubangiji a cinyata. Na buɗe baki na ce, “Na yafe maka.” Aka ce amin.

Na yi zunubai da yawa kafin wannan da bayansa, amma babu wanda ya yi mini nauyi kamar kalmomin nan uku.

Washegari Yaya ya ce ba za a jira ba. Muka ɗauke shi zuwa wurin wani tsohon wanzami a cikin ƙauye, Musulmi, mai farin gemu. Ya tattaɓa ƙafar yana girgiza kai.

“Samarin Annabi Isa, kun makara, amma ba a makara wa Allah. Sai sakiya.”

Ya sa ƙarfe a wuta har ya yi ja. Ya tambaya wa ke jinyarsa, aka nuna ni. Ya ce, “To kai za ka riƙe ƙafar, ɗana. Ka danne sosai.” Ya yi bisimilla ya huda. Ba zan kwatanta muku abin da ya fito ba, ko ƙarar da ƙaton nan ya yi. Ƙafar tana rawa a ƙirjina kamar an yanka rago.

Da aka gama, tsohon ya ce ba mai ɗaga shi daga nan sai bayan wata biyu, ya kuma ba mu wata bukka a bayan gidansa. Ranar Laraba sansani zai tashi. Yaya ya ce dole mutum ɗaya ya zauna, ya san kuma wanda ya zauna ya rasa aikinsa. Na ce ni zan zauna. Suka yi ta yaba mini, wani har da rungumata. Kowane yabo kamar ana ƙara mini ƙasa a kwano.

Sai da muka kwana uku mu biyu, zazzaɓi ya sauka, sannan na iya faɗa masa gaskiya. Da hantsi ne, ina wanke raunin da ruwan ɗumi da ganyen da wanzami ya ba ni. Ban ɗago ba na ce, “Ba ka motsa ba. Ni na ja.”

Ya yi 'yar dariya mara ƙarfi.

“Alaramma, ƙafata ce fa. Wa zai gaya mini ban motsa ba?”

“To me ya sa ka faɗi abin da ka faɗa a gaban mutane?”

Ya gyara kwanciya ya ce:

“Na ga yadda ka gaji. Na ce in na tona ka, kunya za ta kore ka daga taron, su kuma ba su da wani mai karatu. Ban da haka ma, ina da abin roƙon gafara a wurinka na gaske. Kwana goma sha tara kana wanke mini ruɓa ina yankanka da baki. Wannan ne na kasa faɗa, sai na ce ƙafa.”

Na kifa kaina a gefen tabarma na yi kuka kamar yaro. Ya bari na yi mai isata, sannan ya ce, “To ya isa, ruwan yana hucewa. Kuma ka sani, ni da kai duk mun yi ƙarya a gaban Ubangiji. Sai mun gyara.”

Sansanin bai yi nisa sosai ba tukuna, don haka ran Lahadi sauran bakwai suka biyo hanyar da ƙafa suka dawo tsohuwar rumfarmu. Na goyo shi na kawo. Da aka zo wurin neman gafara na miƙe, na ajiye littafi, na faɗi komai, tun daga tirjewar da na ji a yatsuna har zuwa yafewar da na yi wa wanda na cuta. Shi ma ya faɗi nasa. Yaya bai yi faɗa ba. Ya ce wa mutumina, “Ka ji shi. Me ka ce?”

“Na yafe masa tun ranar Alhamis ɗin,” in ji shi. “Amma Alaramma dai ba zan daina ba.”

Ƙafa ta warke, ba a rasa ta ba, sai dai idon sawun ya sandare. Bai ƙara ɗaukar kwanon sarki ba har ya bar duniya. Mutumin da yake kai biyu kafin in kai ɗaya ya koma ɗingishi da sanda. Gafarar da ya yi mini ba ta miƙe masa ƙafa ba, kuma ban taɓa yaudarar kaina cewa ta miƙe ba. A wata biyun nan, ina noma wa wanzami da safe, da rana ina koya wa mutumina ajami a ƙasa da tsinke. Wannan karon bai yi barci ba. Bayan shekaru shi ne yake karatu a majami'ar ƙauyenmu, ni ina zaune ina saurara.

Kafin Gagarawa na karanta wa mutane labarin yadda Ubangijinmu ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa ban san sau nawa ba, har ina yi musu bayani mai daɗi. Ashe ban san komai a kai ba. Wanke ƙafa sau ɗaya a gaban jama'a ba wuya. Wuyar tana safiya ta goma sha tara, lokacin da ka gaji, ba mai ganinka, ba mai gode maka, abu kuma ya tirje a hannunka. Tun daga nan, ko a kan 'ya'yana, ko a kan samarin da aka ba ni in koyar daga baya, in na ji mutum ya tirje sai in tuna da ɗan karan nan. In tsaya, in ɗaure, in bari sai gobe. In kuwa na riga na ja ya tsinke, ba na ƙara cewa wani ne ya motsa.