Jirgin Fidencio Ba Ya Karkata

Duk wanda ya san tafkin Teques ya san Fidencio Barragán, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne siririn mutumin nan mai hular kaba da rana ta cinye wa launi, wanda ke zaune bayan sitiyarin farin jirgin kulob tun kafin a gina rabin otal-otal ɗin da suka kewaye ruwan. Ubansa ɗan ƙwadagon gonar rake ne, kuma da an bi ta tasa, da Fidencio ya tsufa da adda a hannu. Yana saurayi wani mai kuɗi daga babban birni ya ɗauke shi wankin jirgi. Daga wanki ya koma naɗe igiya, daga igiya ya hau sitiyari, bai sake sauka ba.

Aikin a ido ba wuya. Ƙwallaye shida ne ke iyo a ruwa, uku dama uku hagu. Jirgi zai ratsa tsakiyarsu a guje, mai zamiya yana baya a kan allo ɗaya, riƙe da igiya, yana kewaye su ɗaya bayan ɗaya. In ya gama shidan sai a rage masa igiya ya sake. Kowace gaɓa ta igiyar da launinta, daga ja har kore, daga kore sai shuɗi. In an kai shuɗi, da ƙyar igiyar ke isa ƙwallon, sai mutum ya miƙe jikinsa kaf kamar mai laluben abu a ƙarƙashin gado. Direba kuwa abu ɗaya ake nema a wurinsa, ya tafi a miƙe.

To amma masu gidan da ke zuwa Asabar da Lahadi ba don su sha ruwa a gaban matansu suke zuwa ba. Shi ya sa direbobin tafkin ke da abin da suke kira ba da hannu. Daidai lokacin da mai gida ya miƙa zai kewaye ƙwallo, sai a ɗan karkato masa jirgin, taƙi guda, ya samu ya wuce yana jin kansa gwarzo. Kowa na yi, ba mai faɗi. Na Anacleto, aminin Fidencio, ko makaho ya gani, don jirginsa tangaɗi yake kamar wanda ya taso daga mashaya. Na Fidencio kuwa ba a gani. Wuyan hannu ne kawai ke ɗan motsawa, ko igiyar ruwan da ke bayansa ba ta nunawa. Har ya zama magana a bakin tafki cewa jirgin Fidencio ba ya karkata, shi kuma bai taɓa buɗe baki ya musa ba.

'Yarsa ɗaya ce a duniya, Dalia. Uwarta Remedios tana gasa nama tana naɗewa a tortilla, wata siririyar gurasar masara, tana sayarwa a ƙofar kulob, ta so yarinyar ta tsaya kusa da murhu, amma ina! Da wani tsohon allo da 'ya'yan masu gida suka yar ta koya, da sassafe, kafin masu abin su tashi daga barci. Tana 'yar shekara goma ta yi kwanaki tana kewaye biyar, na shida yana kuɓuce mata. Ta kan hau jirgi tana rawar sanyi, hawaye da ruwan tafki sun gauraye a fuskarta. Wata safiya Fidencio na jan ta, ya hango ta a madubi ta miƙa hannu wajen na shidan, sai nasa hannun ya motsa. Bai yi shawara da kowa ba, har da kansa. Ihun murnar da ta yi ran nan har Remedios ta ji daga ƙofa, kuma wannan ihun ne ya ɗaure shi.

Gwana ce, wannan ba ƙarya. Ta girma da faɗin kafaɗu da tafin hannu mai kanta, ta wuce 'ya'yan masu gidan duka. Idan wata ta yi mata gorin ubanta direba ne, sai ta ce, "E, direba ne, amma ba ya yi wa kowa alfarma. Ku je wajen Baba Anacleto in tausa kuke so." Fidencio ya kan ji, ya sunkuyar da kai yana goge gilashin jirgi.

Abin da ya hana ta barci shi ne gasa. A gida tana gama shuɗi kamar shan ruwa. A gasa kuwa, inda baƙon direba ke ja, ga kyamara a ƙarshen tafki tana duba hanyar jirgi, ba ta taɓa wuce ƙwallo uku a shuɗi ba. Sai ta ɗora laifin a kan allo. Akwai wani ɗan ƙarfe mai kama da wuƙa a ƙarƙashin wutsiyarsa, shi ke riƙe shi a ruwa, kuma matsar da shi ko da kaurin gashi ne yana canja tafiyar allon. A kan wannan ƙarfen Dalia ta ƙarar da ƙuruciyarta. Kullum tana zaune a gindin mangwaron kulob da ma'auni da ɗan makulli, ta tura shi gaba, ta ja shi baya, ta zurfafa shi, ta tambayi wannan ta tambayi wancan. An bar jaki ana dukan taiki, jakin kuma yana tsaye a gefe yana miƙa mata makulli.

Sau nawa ya ce wa kansa gobe zai daina? Goben ta kan zo ta same shi da wani dalili. Yau tana mura, jibi ta yi faɗa da saurayinta, gata kuma gasa ta matso, bai kamata a karya mata gwiwa ba. Gaskiyar magana tsoro yake ji. Ya fi tsoron idon 'yarsa a kan komai da Allah ya halitta.

Shekarar da ta cika ashirin da huɗu aka sa gasar tantance 'yan wasa a wani tafki da aka haƙa a jihar Jalisco. Mai horar da 'yan wasan ƙasa ya faɗa mata a fili: wadda ta gama shuɗi ita za a tafi da ita ƙasashen waje, kuma ga yara 'yan sha bakwai sun taso, ba zai sake jiran ta ba.

Saura mako guda Anacleto ya sami Fidencio yana zuba wa jirgi mai. Anacleto ne ya riƙe Dalia a coci ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna compadre, don haka yana da bakin magana.

"Compadre, ni fa ba a yi mini ɓoyon sana'a. Tare muka koyi satar nan."

"Wace sata kuma da safiyar Allah?"

"Ka ji shi! Ni ina yi wa masu tumbi, su ba ni na giya, kowa ya kama gabansa. Kai 'yar cikinka kake yi wa. Ka ja ta a miƙe ko sau ɗaya ta san tsawon hannunta, kafin wani baƙon direba ɗan birnin Guadalajara ya nuna mata a gasa."

"Kai da jirginka ke tafiya kamar kaguwa, kai za ka koya mini miƙewa?"

"Kaguwa dai ba ta taɓa cewa ita zare ce ba. Ka ƙi naka duniya ta so shi, compadre. Na faɗa maka."

Maganar ta zauna masa a ƙirji. Washegari da ya fita jan Dalia, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya kafa ido a gaba, ya ƙi kallon madubi. Kore ta wuce da ƙyar. A shuɗi ta faɗi a na uku. Ta sake, ta sake faɗuwa a na uku, ta yi ta mirginawa a kan ruwa, allo ya tafi gefe guda. Takalmin zamiya yana manne da allo ne da wani maɓalli mai sifirin, wanda ke saki in an faɗi da ƙarfi don kada allon ya murɗe ƙafa. Duk faɗuwar da ta yi ya saki, yadda aka yi shi ya yi.

Ta hau jirgi tana haki, idonta jawur. "Takalmin nan ne, Baba. Yana sakina tun kafin in faɗi, ina jin sa. Miƙo mini makullin."

"Kar ki matse shi da yawa, 'yata. Don ƙafarki aka yi shi."

"Ƙafar me? Saura kwana nawa? In ban gama shuɗi ba ai sai in je in taya Mama juya nama har in mutu."

Ta matse sifirin ɗin har sai da makullin ya ƙi juyawa, ta ja ƙarfen wutsiya baya kaɗan, ta koma ruwa. A nan ne ya kamata ya kashe injin ya ce mata zauna mu yi magana. Maganar tana bakinsa, har ya ji ɗacinta. Sai ta ɗaga masa hannu, ya tayar da jirgi. Ɗaya, biyu, a na uku idonsa ya ci amanarsa ya leƙa madubi. Ya ga haƙoranta a cije, ya ga hannun ya gaza da kaɗan. Wuyan hannunsa ya motsa, ya sake motsawa a na huɗu, da na biyar, da na shida.

"Na samo shi!" Tana ta dukan ruwa da tafin hannu. "Baba, na samo shi! Shekara da shekaru, ashe takalmi ne! Kar wanda ya taɓa mini allon nan."

Fidencio ya yi mata dariya. Da ya koma gida bai iya cin abinci ba, Remedios ta ce, "Tsoho, lafiya kake juya cokali kamar an yi maka mutuwa?" Ya ce cikinsa ne.

Ranar gasa suna tsaye a bakin ruwa shi da Remedios, tana jan carbinta na coci. Direban wani matashi ne mai baƙin tabarau, jirginsa kuwa a miƙe yake tafiya da gaske, Fidencio na gani ya sani. Dalia ta gama kore. Aka rage igiya. Ta kewaye na ɗaya da na biyu, ta makara a na uku amma ta tsira. Kowa a wurin ya ga na huɗu ya yi mata nisa, kuma duk wadda ta san tsawon hannunta da ta saki igiya ta haƙura. Ita jikinta ya saba ƙwallon ya zo ya tarye ta. Ta jefa kanta gaba ɗaya, hancin allon ya nutse ya tsaya cak, jikinta ya wuce. Takalmin bai saki ba. Ƙarar da ƙashin ya yi har bakin ruwa aka ji ta.

Ƙafar ta karye wuri biyu ƙasa da gwiwa, idon sawun ya farfashe. Likitoci suka haɗa abin da ya haɗu da ƙarafa, suka ce za ta yi tafiya da ɗingishi, zamiya kuwa ta manta da ita. A asibiti ta riƙa ba shi haƙuri. "Ka ce kar in matse, Baba, ban ji ba. Laifina ne." Ya kan shafa kanta ya fita waje ya tsaya.

Bayan watanni zaman gida ya ishe ta, ta ce za ta riƙa shiga jirgi tana lura masa da masu zamiya. Kujerar mai lura baya take kallo, kuma duk rayuwarta in ba a ruwa take ba, bayan take kallo. Yanzu ƙafar ba ta lanƙwasuwa, sai ta zauna a karkace ta miƙe ta, fuskarta wajen ubanta. Wata Lahadi suka ja wani tsohon lauya da ake kira Don Heriberto, mai tumbi kamar tulu. Tana kallon hannun ubanta ne kawai don ba ta da wani abin kallo. A ƙwallon farko wuyan hannun ya ɗan motsa dama. A na biyu ya motsa hagu. Ta waiwaya ta ga tsohon yana wucewa, ta dawo da idonta kan hannun, ta bi shi har na shida.

Ya tsayar da jirgi a ƙarshen tafki, lauyan ya nutse zuwa wuya yana hutawa.

"Baba." Muryarta ƙasa-ƙasa. "Ni ma haka kake yi mini?"

Bai ɗago ba.

"Ranar da na matse takalmi fa? Ranar ma?"

Ya janye hannunsa daga kan sitiyari. Ta daɗe tana kallon sa. Ba ta yi kuka ba, da ma kukan ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Da ka bar ni na faɗi tun ina ƙarama," in ji ta, "da yanzu ina ƙofa ina sayar da nama da ƙafafuna biyu."

Daga cikin ruwa lauyan ya ɗaga hannu yana dariya. "Fidencio! Ka ga aiki? Rage mini igiya, yau jikina da ƙarfi!"

Rage igiya aikin mai lura ne. Dalia ta ja jikinta da ƙyar, ta kwance ta, ta ɗaura a gaɓa ta gaba, ta koma ta zauna tana kallon hannun nasa.

"Ja shi mana," ta ce. "Mai gida na jira."