Ƙamshin Gam Da Ya Ci Yatsuna

Edita, ina gaishe ka da ma'aikatanka. Na daɗe ina karanta abin da mutane ke aiko muku, yau na ce bari in kawo nawa, ko wani zai tsira daga abin da ni ban tsira ba. A yi mini afuwa, ba zan ambaci sunan kowa ba.

A lokacin ina matashi, sabon aure, haifaffen cikin garin Sakkwato, ɗan gidan masu sayar da hatsi. Ni kaɗai a gidanmu na ƙi zaman rumfa, na bi wani kafinta a Sabon Gari, dattijo Kirista mutumin ƙasar Jos, wanda muke kira Baba. Zamanin soja ne, kuɗin mai sun shigo, ko'ina ka waiga gini ake yi. Manyan ma'aikata da 'yan kwangila suka daina yarda da bango tsirara, sai an bi gindinsa da siririn katako, an ɗaura wani daidai ƙugu, an zagaye ƙofa da taga. Aikinmu ke nan, kuma da hannu muke yin komai, daga zarto sai guduma sai kurfi. Baba ya koya mini yanka bakin katako a karkace, yadda biyu za su haɗu a kusurwa ko allura ba ta shiga tsakaninsu. Da can sai mun huda siminti, mu cusa guntun itace, sannan mu buga ƙusa. Ana nan sai wani gam ya fito a gwangwani daga ƙasar waje, rawaya, mai kauri kamar zuma. Ka shafa wa katako, ka shafa wa bango, ka ɗan jira, ka manna, shi ke nan.

Muka samu aiki a gidan wani ɗan kwangila a hanyar Wamakko. Ayyuka sun yi wa Baba yawa, sai ya bar mini ɗakunan ciki, ya ce in riƙa rufe tagogi kada iska ta kwaso yashi ta zuba a gam. Bazara ce, gari kamar tanderu. Ranar farko da na buɗe gwangwanin a rufaffen ɗaki, kaina ya ɗan sara, daga nan sai na ji jikina ya yi sakayau. Zafin ya tafi. Zanen da ke jikin katakon ya fara motsi a hankali, yana gangarawa kamar ruwan gulbi a Kwalkwalawa, garin su mahaifiyata, inda take kai ni ina ƙarami. Na ga masunta cikin kwalekwale suna wucewa ta jikin bango. Na ji muryar mahaifiyata, wadda ta daɗe da rasuwa, tana kirana daga tsallake in zo in sha fura. Ban ji tsoro ba. Wani irin daɗi ne mai laushi, kamar barcin da ke ɗaukar mutum bayan ruwan sama. Da na dawo hayyacina, an yi azahar har an fito daga masallaci.

Ban ɗauki abin a matsayin maye ba. Ni da ban taɓa kusantar giya ba, ko taba ba na sha, ina ganin ai kayan aiki ne. Sai dai na fara ɗokin wayewar gari don in shiga ɗakin nan in ja ƙofa. Nakan bar gwangwanin a buɗe ko ba na buƙatarsa. Daga baya na fara dangwala tsumma in sa a aljihu in tafi da shi gida. Abinci ya fita raina, na zama mai yawan shiru da murmushi ni kaɗai. Wata rana matata ta ajiye mini tuwo, ta zauna tana kallona, can ta ce, "Malam, wanga wari da kaka shigowa da shi, mi ne ne? Kana zamne nan, amma wallahi ba ka nan." Na ce mata gajiya ce. Baba ma ya lura kusurwoyina sun fara buɗe baki, ya tambaye ni ko idona ke ciwo, na ce masa katakon ne bai bushe ba. Ya dube ni, ya koma bakin aikinsa.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Na ɗora katako a kan benci, na dafe shi da hannun hagu, ina yanka bakinsa. Gulbin ya zo kamar yadda ya saba, amma ranar ya fi kullum kyau, har cikin ɗakin ya malalo. Na ji ruwa na bin hannuna, na yi murna, na ce yau dai na taɓa shi. Ina ta jan zarto a hankali, ina sauraron ƙararsa kamar tuƙin kwalekwale. Sai na ji an banko ƙofa, Baba na ihu, "Saki zarton nan, ɗana! Saki!" Na duba, ashe ruwan da nake ji jinina ne. Ya tuɓe rigarsa ya ɗaure mini hannu, ya ɗora ni a babur ɗinsa zuwa asibiti. Sai a hanya, da iska ta bugi fuskata, na fara jin zafi. Yatsu biyu aka cire mini.

Ciwon hannun bai kai ciwon rabuwa da gam ba. Kaina ya yi ta sarawa, jikina na rawa, komai na duniya ya zama fari fat ba ɗanɗano. Abin da har yau nake jin kunyarsa shi ne, ina kwance a gadon asibiti na roƙi matata ta duba aljihun rigata ta kawo mini tsumman nan. Ta ce ta jefa shi a murhu, in kuwa har na sake nemansa, to in shirya zuwa in faɗa wa mahaifina da bakina. Ta faɗa tana kuka, amma ba ta janye ba. Baba ya zo dubiya da lemo, ya zauna a bakin gado ya ce shi ma yana da laifi, tunda shi ya ce in rufe taga, kuma ya ga alama ya yi shiru. Da na warke bai kore ni ba. Ya mayar da ni yankan katako a waje, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, ya koya mini dafe aiki da abin da ya rage na hannuna, muka koma huda bango da buga ƙusa.

Yanzu na tsufa, Baba ya daɗe da barin duniya. Amma har gobe in na wuce rumfar mai gyaran takalmi ko mai facin taya, ƙamshin nan ya doke ni, sai in ji zuciyata ta ɗan karkata, in yi a'uziyya in ƙara sauri. Na gane cewa abin da zai halaka mutum ba kullum yake zuwa da mummunar fuska ba, nawa da muryar uwata ya zo. Ina roƙon masu gidajen sana'a, in za a yi aiki da gam ko fenti, a buɗe taga, kuma in kun ga na ƙasa da ku ya canza, kada ku yi kara, ku tsananta tambaya. Ku kuma matasan da ke shaƙar sholisho kuna cewa ai ba giya ba ce, ni ma haka na ce. Duk sanda na zauna alwala na zo tsefe yatsu, nan nake sake ganin farashin mafarkin da na saya.